Da a ce Cadi ta ce a'a: Romel, duwatsun Keren da hanyar Kano

Shirinmu na yau na "da a ce" ne, kuma hamada za mu shiga, daga nan mu hau dutse. Duk wanda yake bibiyar labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, ya taɓa jin tambayar nan: da a ce Romel ya kai Mashigin Suwez, me zai faru? Yawancin masu amsa ta suna tafiya ne kai tsaye El Alamein a 1942, su ce da an ƙara masa tankoki ɗari biyu, da an kama tsibirin Malta, da kaza da kaza. Ni kuwa ina ganin idan ana neman inda Ingila ta fi kusa da rasa Masar, sai an koma baya, tsakanin Agustan 1940 da Yunin 1941. Kuma wurare biyun da nake so mu duba, babu ɗaya da yake cikin hamadar Masar. Ɗaya ofishin gwamna ne a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu. Ɗayan kuma wani kwazazzabo ne a duwatsun Iritiriya.

Bari mu fara shimfiɗa taswira. Ranar 10 ga Yunin 1940 Musolini ya shiga yaƙi a ɓangaren Jamus. Ranar 22 ga watan Faransa ta sa hannu ta ajiye makami, aka kafa gwamnatin Vichy mai bin umarnin Jamus. To, dubi halin da Ingila ta tsinci kanta. Tana da sojoji a Masar suna gadin Suwez. A yammacinsu Libiya, hannun Italiya. A kudu maso gabas Iritiriya da Habasha da Somaliya, su ma hannun Italiya, kuma suna kallon Bahar Maliya. Bahar Rum, wadda ita ce gajeriyar hanya daga Ingila zuwa Iskandariyya, ta zama wurin da jirgin kaya ba ya ratsawa sai da rakiyar mayaƙan ruwa da addu'a. Abin da ya rage shi ne a zagaya Afirka gaba ɗaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar makonni da yawa.

Tankoki da igwa za su iya jure wannan zagaye. Jiragen yaƙi kuwa ba sa jira, domin kullum ana harbo su, rairayi kuma yana cinye injinsu. Sai Ingilishi suka tuno da wata hanya. Tun 1925 jiragen sojan samansu suka taso daga Masar suka sauka Kano, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Saboda haka filayen suna nan, ko da yake ƙanana ne. Suka fara kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su tashi. Takoradi zuwa Legas, Legas zuwa Kano, Kano zuwa Maiduguri, a ratsa Cadi, a sauka El Geneina, El Fasher, Hartum, sannan a bi Kogin Nilu har Masar. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940. Tsarin kuwa shi ne jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya ya shige gaba, ƙananan jiragen Hurricane su biyo shi a baya kamar 'yan tsaki. Kafin a gama yaƙin Arewacin Afirka, dubban jirage sun bi ta nan.

Wanda ya san labarin mahajjatan ƙasa zai ga sunayen garuruwan nan ba baƙi ba ne. Kusan ita ce hanyar da mutanenmu suka riƙa bi da ƙafa da jaki zuwa Makka, wasu su shekara bakwai, wasu su yada zango a Sudan har yau jikokinsu suna can. Jiragen sun bi sawun alhazai ne ta sama.

To, ga inda gizo ke saƙa. A tsakiyar wannan hanya akwai Cadi, kuma Cadi ta Faransa ce. Gwamnanta a lokacin baƙar fata ne, Félix Éboué, haifaffen Guyana ta Faransa a Kudancin Amurka. Ranar 26 ga Agustan 1940 ya bayyana cewa Cadi ta juya wa Vichy baya, ta bi Janar De Gaulle da ke gudun hijira a Landan. Washegari Kamaru ta biyo, jibi Brazzaville ta biyo. Kar ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, Pierre Boisson, ya tsaya da Vichy, kuma da De Gaulle da Ingilishi suka je Dakar da jiragen ruwa a ƙarshen Satumba, wuta aka buɗe musu suka koma. Nijar ma tana hannun Vichy har Nuwamban 1942. Wato a shekarun nan, tsakanin Kano da Damagaram akwai iyakar da ɓangarorin biyu ke yi wa juna kallon hadarin kaji.

Yanzu mu juya ƙwaryar. A ce wani gwamna ne daban a Fort Lamy, irin Boisson. Ko a ce hafsoshin sojan da ke Cadi sun ƙi goya wa Éboué baya sun tsare shi. Me zai biyo baya?

Abu na farko, jiragen. Daga Maiduguri zuwa El Geneina ya kai wajen kilomita dubu. Jirgin Hurricane da aka ɗaura wa ƙarin tankin mai zai iya tsallakewa, amma duk wanda injinsa ya ba shi matsala a tsakani, ko hazo ya ɓatar da shi, a ƙasar abokan gaba zai sauka, a kama matuƙi a riƙe jirgi. Kun san harmatan ɗinmu, ranar da hazo ya sauko ko bishiyar da ke gabanka ba ka gani. Babu tashar rediyo a tsakiya, babu rahoton yanayi, babu mai ceto. Hanyar ba za ta mutu gaba ɗaya ba, amma za ta rame sosai, kuma a daidai lokacin da kwamandan sojan saman Ingila a Masar yake ƙirga jiragensa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan muni. Wani zai ce ai Vichy 'yan ba-ruwanmu ne, ba za su bar Jamus ta shigo ba. To, a watan Mayun 1941 Vichy ɗin nan ce ta bar jiragen Jamus suka sauka a filayen Siriya a kan hanyarsu ta zuwa taimakon Rashid Ali a Iraƙi. Abin da aka yi a Siriya, me zai hana a yi shi a Cadi? Kuma Jamusawa sun san darajar wurin. A watan Janairun 1942 wani mai suna Theo Blaich ya jagoranci jirgi ɗaya tak, Heinkel 111, daga kudancin Libiya, suka ratsa hamada suka jefa wa ma'ajiyar man Fort Lamy bam. A hanyar komawa mai ya ƙare musu suka sauka a rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto su. Jirgi ɗaya ke nan, daga nesa. Ku ƙiyasta a ce filin Fort Lamy kansa a hannunsu yake. Maiduguri tana nan kusa, wajen kilomita 200. Kano ma ba ta fi ƙarfin jirgin bam ba daga can.

Abu na uku, De Gaulle kansa. Kafin Cadi, mutumin nan murya ce kawai a rediyon BBC. Cadi ce ta ba shi ƙasa da sojoji da iyaka da abokin gaba. Daga nan ne Leclerc ya tashi daga Faya da mutum kamar 400, yawancinsu 'yan Afirka, da igwa guda ɗaya, suka ratsa hamada suka karɓi Kufra daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941. A can ya yi rantsuwar nan tasa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg, kuma a Nuwamban 1944 ya cika. Daga Cadin ne kuma suka bi ta gefen duwatsun Tibesti suka cinye Fazzan, ƙasar Murzuk da fataken Borno da Kano suka sani, suka isa Turabulus a Janairun 1943. Cire 26 ga Agusta, duk wannan ya goge.

Mu bar hamada haka, mu hau dutse.

A Disamban 1940 Ingilishi suka afka wa sojojin Italiya da suka shigo Masar suka yada zango a Sidi Barrani. Cikin wata biyu Janar O'Connor ya kora su har tsakiyar Libiya, ya kama fursunoni kusan 130,000. Amma tun a makon farko, babban kwamanda Wavell ya cire Runduna ta 4 ta Indiya, wadda tana cikin mafi ƙwarewa da yake da su, ya tura ta Sudan domin a shiga Iritiriya. Mutane da yawa sun zarge shi a kan haka. Dalilinsa kuwa Bahar Maliya ce. Muddin Italiya tana riƙe da tashar Massawa, ƙofar bayan Masar ba ta da sakata.

Hanyar da ta tashi daga Sudan zuwa Asmara da Massawa dole ta bi ta wani matsattsen kwazazzabo a gaban garin Keren. Duwatsu ne tsaye a dama da hagu, Italiyawa sun fasa gefen dutsen sun toshe hanyar, suka hau sama suka kafa igwa. Masu cewa sojan Italiya ba ya yaƙi, su je su karanta Keren. Da su da askarawan Iritiriya sun tsaya tun farkon Fabrairu har 27 ga Maris 1941, kusan mako bakwai. Sojojin Indiya da na Ingila suna hawa da hannu da ƙafa cikin zafin rana, kowane ɗigon ruwa da kowane harsashi sai an ɗauko shi a ka ko a bayan alfadari, ana jefo musu gurneti daga sama. An kai hari an koma, an sake kai hari an koma. Sai da aka kawo runduna ta biyu, aka kama wata ganuwa da ake kira Dologorodoc, injiniyoyi suka share toshiyar hanyar ana harbinsu, sannan tankoki suka wuce. Asmara ta faɗi 1 ga Afrilu, Massawa 8 ga Afrilu.

Kuma a daidai wannan lokaci, daga kudu, akwai namu. Birged ɗin Najeriya, da harshen Hausa a matsayin harshen bariki, tana cikin rundunar Janar Cunningham da ta taso daga Kenya. Su suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu. Suka tarar da man fetur mai yawa da Italiyawa suka bari, da shi suka yi gudun da har yau ake ba da labarinsa, fiye da kilomita dubu zuwa Jijiga cikin ƙasa da mako uku. Suka fasa mashigin dutsen Marda, suka shiga Harar kafin watan Maris ya ƙare. Addis Ababa ta faɗi 6 ga Afrilu, Haile Selassie ya koma gadonsa 5 ga Mayu.

Me faɗuwar Massawa ta jawo? Abu biyu. Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna, kuma dokarta ta hana jiragen kasuwancinta shiga ruwan da aka ayyana fagen fama. Kwanaki kaɗan bayan Massawa, Shugaba Roosevelt ya cire Bahar Maliya daga wannan jeri, jiragen Amurka suka fara kai kaya har Suwez. Na biyu, sojojin Indiya suka samu damar komawa Masar da gudu. Kuma gudun ya zama dole, domin Romel ya sauka Turabulus tun 12 ga Fabrairu, a ƙarshen Maris ya fara kai hari, kafin tsakiyar Afrilu ya kewaye Tobruk ya kai iyakar Masar.

To, a ce Keren ta ƙara wata biyu. Ba abin mamaki ba ne, domin harin ƙarshen da kyar ya yi nasara. Idan ta kai Yuni, damina ta sauka a tsaunukan Habasha, hanyoyi su zama taɓo. Mun ga misalinsa a zahiri: Gondar ta tsaya har 27 ga Nuwamba, kuma ruwan sama yana cikin abin da ya ba ta wannan tsawon rai. Ke nan runduna biyu na Indiya za su maƙale a gindin dutse har kaka.

Yanzu haɗa biyun, ka dubi teburin Wavell tsakanin Afrilu da Yunin 1941. Girka ta faɗi, an kwaso sojoji an bar kayan yaƙi a can. Tsibirin Crete ya faɗi a ƙarshen Mayu. Iraƙi ta yi tawaye. Siriya sai an shiga da yaƙi. Romel yana bakin ƙofa. A tarihin gaskiya ma da kyar ya rarraba abin da yake da shi, kamar uwar da ke raba tuwo ɗaya ga 'ya'ya biyar. A tarihinmu na "da a ce", jiragensa sun ragu, Indiyawa ba su dawo ba, kayan Amurka ba su fara zuwa ba. A nan ina ganin Tobruk za ta iya faɗuwa a 1941 maimakon Yunin 1942, kuma Romel zai iya kutsawa cikin Masar shekara guda kafin lokacin da ya yi.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu cewa shi ke nan, sai Alƙahira, sai rijiyoyin man Iraƙi. Ku tambayi duk direban tirela da ke ɗaukar kaya daga Legas zuwa Maiduguri, zai gane matsalar Romel fiye da wasu janar-janar. Kusan duk abin da sojansa ke ci da sha da harbawa, daga Italiya yake zuwa ta ruwa, yawanci ya sauka Turabulus. Daga Turabulus zuwa El Alamein ya haura kilomita 2,000, a kan titi guda ɗaya na bakin teku, babu layin dogo da ya haɗa su. Motar da ta ɗauko mai tana shan kaso mai yawa na man kafin ta isa, sannan ta sake sha a hanyar komawa. Tayoyi suna fashewa, injuna suna mutuwa, ruwan sha ma sai an ɗauko. Tashoshin Bengazi da Tobruk sun fi kusa, amma ƙanana ne kuma jiragen Ingila suna kai musu hari. Masanin tarihi Martin van Creveld ya yi wannan lissafi a littafinsa Supplying War, ya nuna cewa ko kayan sun tsallake teku lafiya, tashar da titin ba za su iya isar da su bakin daga yadda ake bukata ba. Duk tankar da ka ƙara wa Romel, ka ƙara masa bakin da zai ciyar a ƙarshen wannan dogon titi. Ingilishi kuwa duk takun da suka ja baya, kusa suke matsowa da rumbunansu da layin dogonsu da ruwan Nilu.

Ga kuma Hitila kansa. Ranar 22 ga Yunin 1941 ya afka wa Tarayyar Sobiyet da sojoji sama da miliyan uku. Motocin da Romel yake roƙo, can suka tafi. A wurin Hitila, Afirka wurin tallafa wa Musolini ne kar ya faɗi.

Akwai mafarkin nan da ake yawan zanawa a taswira da kibiya biyu: Romel ya taso ta Masar, wata runduna ta gangaro ta duwatsun Kaukasus, su haɗu a Iraƙi ko Iran. A takarda yana da kyau. A ƙasa kuwa, a Agustan 1942 Jamusawa sun kama Maikop suka tarar Rashawa sun lalata rijiyoyin man. Sojojinsu na dutse sun hau Elbrus, mita 5,642, suka kafa tuta ranar 21 ga Agusta, abin da ma ya fusata Hitila don yana ganin wasa ne. Amma ba su kai Grozny ba, balle Baku. Mashigan duwatsun sun tsaya a hannun Rashawa har ƙanƙara ta sauko. Kibiyar arewa ta tsaya a dutse kamar yadda ta kudu ta tsaya a rairayi, kuma babu abin da gwamnan Cadi ko kwazazzabon Keren zai canza a can.

Saboda haka hukuncina shi ne, ko Cadi ta ce a'a, ko Keren ta tsaya, Jamus ba za ta ci yaƙin ba. Amurka za ta shigo a Disamban 1941, dokar hana jiragenta ta zama tarihi, tankokin Sherman 300 da aka aika bayan faɗuwar Tobruk za su zo ko ta wace hanya. Abin da zai canza shi ne tsawon yaƙin Afirka, da yawan waɗanda za su mutu a cikinsa, da kuma inda za a yi shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna.

Domin Churchill ba mutumin da zai zuba ido a yanke masa hanyar jirage ba ne. Ya shiga Siriya da ƙarfi a 1941, ya shiga Madagaska da ƙarfi a 1942, duk don ƙwace su daga Vichy. Fort Lamy ma haka zai yi mata. Daga ina zai taso? Daga Borno. Da wane soja? Bataliyoyin Najeriya mafi horo sun riga sun tafi Kenya tun tsakiyar 1940. Ko dai a dawo da su, wanda ke nufin babu su a Mogadishu da Harar, Habasha ta ƙara jinkiri, ko kuma a ɗebi sababbin samari daga Kano da Katsina da Bauci a tura su da horon wata uku. Kuma da zarar an harba harsashi a bakin Tafkin Cadi, Vichy da ke Nijar ba za ta zauna ba. Damagaram da Maraɗi da Birnin Ƙonni za su zama sansanonin ɓangare guda, Kano da Katsina da Sakkwato na ɗaya ɓangaren. Sojan da ke wannan gefe da wanda ke wancan, da yawansu harshe ɗaya suke yi, wasu ma kasuwa ɗaya suke ci, wasu surukan juna ne. Kakanninmu da suka yi yaƙin nan, Habasha da Boma aka kai su, suka dawo da labari. A wannan tarihin da bai faru ba, a gonakin gero na kan iyaka za a yi shi, da damina ko da rani.

A shiri na gaba za mu tsaya a Fabrairun 1941, mu duba abin da zai faru da Churchill bai tura sojoji Girka ba, ya bar O'Connor ya wuce Turabulus kafin Romel ya gama sauke kayansa.